Girgizar ƙasa da manyan taransifo: abin da allon ƙarfe yake shaidawa

Duk wanda ya shiga Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya ga wani akwatin ƙarfe rataye bisa sandar wuta. Ma'aikatan NIGELEC suna ce masa taransifo. Shi ne yake rage ƙarfin kuran kafin ya shiga gida, ko kanti, ko injin niƙa. Wannan ƙarami ne. Babbansa yana bayan gari, cikin shingen waya, inda aka rubuta cewa a yi nesa. Idan ƙarami ya lalace, unguwa ɗaya ce take kwana cikin duhu. Idan babba ya lalace, gari ne da ƙauyukansa gaba ɗaya.

A wasu ƙasashen duniya, babban abokin gaban wannan inji shi ne girgizar ƙasa. Don haka masanan can suka kafa ƙa'ida. Suka ce a gwada injin kafin a sayar da shi, kuma a manna masa allon ƙarfe mai faɗin irin girgizar da zai iya jurewa. Ga yadda abin ya samo asali, da abin da allon yake nufi.

Mene ne babban taransifo?

Wutar lantarki tana tafiya mai nisa kafin ta iso gari. Domin kada ta raunana a hanya, ana ɗaga ƙarfin turinta ƙwarai. Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin da ake kira bolt. Wutar gida bolt 220 ce. Wutar manyan layuka kuwa takan kai bolt dubu 132, a wasu ƙasashe har dubu 500. Taransifo shi ne mai ɗaga ƙarfin a wurin da ake yin wuta. Shi ne kuma mai sauke shi a bakin gari.

Jikinsa tanki ne na ƙarfe, girmansa kamar ɗaki. A ciki akwai wayar jan ƙarfe da aka naɗe da takarda, aka kewaya ta jikin wani dunƙulen ƙarfe. An cika tankin da mai na musamman. Man yana sanyaya wayar, yana kuma hana wuta tsallakawa inda bai kamata ba. A gefe akwai faranta masu sanyaya man, irin na gaban mota. A sama akwai ƙaramin tanki na ajiyar mai.

Bisa tankin kuma akwai wasu dogayen ƙahoni. Ta cikinsu wuta take shiga, ta cikinsu take fita. Yawancinsu da tangaran ake yin su, wato irin abin da ake yin kofin shayi mai fashewa. A manyan injuna ƙaho ɗaya yakan fi tsawon mutum biyu.

Nauyin babban taransifo yakan kama daga tan 100 zuwa tan 400. Mai tan 200 daidai yake da buhun hatsi dubu 2 masu kilo 100. Kuɗinsa miliyoyin dala ne. Kuma ba a samunsa a kasuwa a ajiye. Sai an yi oda, a ƙera shi daidai da wurin da zai zauna. A shekarun 2023 da 2024, mai oda yakan jira shekara ɗaya da rabi, wani har shekara 4. Wanda nasa ya fashe yau, ba gobe zai samu wani ba.

Abin da girgiza take yi masa

Ƙasar da ake takawa tana bisa manyan faifan dutse. Faifan suna motsi a hankali, santimita kaɗan a shekara. Inda biyu suka haɗu, sukan cije na shekaru masu yawa. Ranar da suka suɓuce, sai ƙasa ta girgiza. Abin ba ya daɗewa. Sau da yawa bai kai minti ɗaya ba. Masana suna ba kowace girgiza maki. Mai maki 7 ta fi mai maki 6 ƙarfi wajen sau 30.

Mutum zai ɗauka cewa abu mai nauyin tan 200 ba ya motsi. Ba haka ba ne. Nauyin ne ma yake jawo masa wahala. Idan ƙasa ta fizga gefe ɗaya, injin yana so ya tsaya inda yake. Idan ba a ɗaure gindinsa ba, sai ya zame, ko ya kife. A da ana ɗora da yawansu bisa ƙafafun ƙarfe da ɗan titin dogo, don a ji sauƙin tura su. Irin waɗannan su ne suka fi sauka daga mazauninsu.

Na biyu, ƙahoni. Mai hawan raƙumi ya san wannan: ƙafar raƙumi tana motsi kaɗan, amma wanda yake bisa sirdi shi ne yake shan rangaji. Haka tankin yake ƙara wa ƙahoni girgiza. Tangaran kuwa ba ya lanƙwasa. Ko ya tsage, ko ya goce daga gindinsa mai ya fara zuba. Inda mai da wuta suka haɗu, gobara ba ta da nisa.

Na uku, wayar da ta haɗa ƙaho da injin da yake kusa. Dabbar da aka ɗaure da gajeriyar igiya, idan ta firgita, ko ta tumɓuke turke ko ta ji ciwo a wuya. Idan wayar ta yi tauri, injuna biyu suna rangaji kowa da nasa, sai su fizgi juna har ƙaho ya karye. Akwai kuma bututun mai da faranta masu sanyaya shi, waɗanda sukan tsage a mahaɗa.

Ƙasashen da suka ɗanɗana

Ranar 9 ga Fabrairu 1971, da asuba, girgiza mai maki 6.6 ta auka wa yankin San Fanando, kusa da birnin Los Anjalas, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutane sama da 60 suka rasu. A nan akwai wata sabuwar tashar wuta mai suna Silma, wadda aka buɗe a 1970. Ita ce take karɓar wutar madatsun ruwa daga arewa, tafiyar fiye da kilomita 1300. Girgizar ta farfasa kayanta. Aka yi watanni masu yawa ana gyara. Daga nan kamfanonin wuta na Kalifoniya suka fara tsananta sharuɗɗan kayan da suke saye.

Ranar 17 ga Janairu 1994, wata girgizar mai maki 6.7 ta sake faɗa wa yankin, a unguwar Notrij. Birnin Los Anjalas duka ya rasa wuta. Har wasu jihohi masu nisa suka ji a jikinsu, domin layukan a haɗe suke. Amma mafi yawan gidaje sun samu wuta cikin kwana ɗaya ko biyu. Masu bincike suka lura da abu guda: kayan da aka ɗaure da kyau sun fi tsira, tsofaffin tangaran kuwa su suka fi fashewa.

A Japan, girgizar 12 ga Yuni 1978 ta lalata kayan tashoshin wuta a yankin birnin Sendai. Shekara 2 bayan haka, a 1980, kamfanonin wutar Japan suka fitar da tasu ƙa'idar. Duk da haka, da girgiza ta auka wa birnin Kobe a Janairu 1995, gidaje wajen miliyan 2 da dubu 600 suka shiga duhu. Cikin mako guda aka mayar musu da wuta.

A Turkiyya, girgizar 17 ga Agusta 1999 ta kashe mutane fiye da dubu 17. Ta lalata babbar tashar wuta ta Adapazari, wuta ta ɗauke a faɗin ƙasar.

A ƙasar Cile, a Amurka ta Kudu, aka yi girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, mai maki 9.5, a 1960. Wata mai maki 8.8 ta zo ranar 27 ga Fabrairu 2010. Mako 2 bayanta, ranar 14 ga Maris, babban taransifo ɗaya ya samu matsala a kudancin ƙasar. A daren nan kusan mutum 9 cikin 10 na Cile suka zauna babu wuta na wasu awoyi. Inji ɗaya tak.

Ƙa'ida mai lamba 693

Akwai wata babbar ƙungiyar injiniyoyin lantarki mai cibiya a Amurka. A taƙaice ana rubuta sunanta IEEE. Ita ce ta tattara darussan da aka koya, ta zuba su cikin littafin ƙa'ida mai lamba 693. An sabunta littafin a 1997, da 2005, da 2018. Kamfanoni a ƙasashe da yawa suna aiki da shi. Akwai kuma hukumar duniya ta ƙa'idojin lantarki, IEC, mai zama a Janeba ta ƙasar Suwis, wadda ita ma take da nata ƙa'idojin gwaji.

Littafin 693 ya kasa juriya mataki 3: babba, matsakaici, da ƙarami.

A babban mataki, ana lissafi kamar rabin nauyin injin ne yake ture shi daga gefe. Mai tan 200 ke nan sai ya jure turin tan 100, wato nauyin buhu dubu ɗaya. A matsakaici, rubu'in nauyinsa ne. A ƙarami, kashi 1 cikin 10 ko ƙasa da haka. Kuma an bar rara da gangan. Manufa ita ce, ko girgizar ta ninka wannan sau 2, injin ya ci gaba da aiki, ko da ya samu ɗan rauni.

Ga wani abu mai muhimmanci. Littafin ba dokar gwamnati ba ne. Shawara ce ta masana. Ba ya hawa kan mai ƙera inji sai mai saye ya rubuta shi cikin takardar ciniki. Mai saye ne zai dubi ƙasar da zai kafa injin, ya tambayi masanan ƙasa, sa'an nan ya zaɓi mataki. Idan bai nema ba, ba za a ba shi ba. Idan ya zaɓi ƙaramin mataki don araha alhali ƙasarsa mai girgiza ce, ranar wahala laifin nasa ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Yadda ake gwaji

Hanya ta farko ita ce lissafi. Tankin ya cika nauyi, ba a cika ɗaukarsa zuwa wurin gwaji ba. Injiniya ne yake lissafa ƙarfin kowane ƙarfe, da kowace walda, da kowace ƙusa mai riƙe gindi. Yau da kwamfuta ake wannan aiki.

Hanya ta biyu ita ce ja. Ƙahonin da ba su cika girma ba, akan kafa su, a ɗaura igiyar ƙarfe a kansu, a ja da ƙarfin da aka auna. Idan ƙaho bai tsage ba, bai goce ba, mai bai zuba ba, ya ci jarrabawa.

Hanya ta uku ita ce teburin girgiza. Wannan na manyan ƙahoni ne. Teburin faffaɗan daɓe ne da injuna suke jijjigawa gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Ana sa shi ya kwaikwayi girgizar ƙasa ta gaske. Tun da an san tanki yana ƙara wa ƙaho rangaji, ana ƙara ƙarfin jijjigar saboda haka. Bayan an gama, a duba ko akwai tsaga, ko yoyon mai, a kuma gwada ko ƙahon yana riƙe wuta kamar da.

Jami'ar Kalifoniya ta Bakli tana da irin wannan teburi tun 1972, mita 6 tsawo, mita 6 faɗi. An gwada ƙahonin taransifo da dama a kansa. Japan ta buɗe wani a garin Miki, kusa da Kobe, a 2005. Tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 15, yana ɗaukar tan 1200. Har gidan bene ake ginawa a kansa a jijjiga.

Gwaje-gwajen sun kawo gyara. Yanzu akwai ƙahonin da ake yi da zaren gilashi da roba maimakon tangaran. Ba su da nauyi, kuma suna ɗan lanƙwasawa ba su fashe ba. Wasu kamfanoni kuma suna ɗora taransifo bisa wasu matasai na ƙarfe masu santsi, yadda ƙasa za ta motsa a ƙarƙashinsa shi kuwa ya motsa kaɗan.

Allon shaida

Kowane taransifo, babba da ƙarami, yana da allon ƙarfe a jikinsa. A kai an rubuta sunan kamfanin da ya ƙera shi, da shekarar ƙira, da lambarsa, da ƙarfin wutar da yake ɗauka, da nauyinsa, da nauyin man da yake ciki. Wannan kamar katin shaidarsa ne.

Littafin 693 ya ce a ƙara allo na biyu, na girgizar ƙasa. Ba shi da girma, amma abin da yake kai yana da nauyi. Yana faɗin sunan ƙa'idar da shekararta. Yana faɗin mataki, babba ko matsakaici. Yana faɗin hanyar da aka bi, lissafi ko teburin girgiza. Yana kuma ɗauke da lambar rahoton gwaji.

Lambar nan ita ce gishirin allon. Rahoton takarda ce mai kauri, wadda ƙwararren injiniya ya duba ya sa hannu. A ciki akwai zanen injin, da inda nauyinsa ya taru, da yawan ƙusoshin da za a kafe shi da su, da sakamakon gwaji. Mai saye yana karɓar rahoton, ya ba nasa masana su duba, sa'an nan ya ajiye. Kowa yana iya buga rubutu a kan ƙarfe. Amma allon da lambarsa ba ta kai mutum ga rahoto ba, ado ne kawai.

Amfanin allon yana fitowa bayan shekaru. Taransifo yakan yi shekara 40 yana aiki. Waɗanda suka saye shi za su yi ritaya, wasu su rasu. Wata rana za a so a ɗauke shi a kai wani gari. Sabon ma'aikaci zai tsaya gabansa ya karanta allon. Idan an rubuta matsakaici, ya san ba a kai shi inda ƙasa take girgiza da ƙarfi. Idan ƙaho ɗaya ya lalace, ya san irin wanda zai nema ya maye gurbinsa.

Sai dai allo ba ya riƙe inji. Abin da aka gwada shi ne injin da aka kafe yadda zane ya nuna. Dole a zuba masa gindin siminti mai ƙarfi. Dole a yi masa walda da ƙarfen da aka binne cikin simintin, ko a ɗaure shi da manyan ƙusoshi. Dole a bar wa wayoyin ƙahoni sassauci, kamar igiyar talala. Idan magina suka yi ha'inci a nan, allon yana nan yana ƙyalli, amma alkawarinsa ya warware.

Nijar fa?

Allah ya sa ƙasar Nijar tana bisa tsohon dutse mai natsuwa. Tana nesa da mahaɗar manyan faifan nan. Girgiza mai rusa gari ba abin da aka saba gani ba ne a nan. A Afirka, arewa ce ta fi shan ta: garin Al Asnam na Aljeriya a 1980, da duwatsun Maroko a Satumba 2023, inda mutane kusan dubu 3 suka rasu. Afirka ta Yamma ma ta taɓa gani: birnin Akara na Gana a 1939, da arewacin Gini a Disamba 1983.

Saboda haka, ƙasa irin Nijar ba ta bukatar biyan kuɗin babban mataki. Ƙa'idar da kanta ta tanadi ƙaramin mataki don wuraren da ƙasa take kwance. Abin da ya fi wahalar da taransifo a Sahel shi ne zafin rana, da ƙura, da tsawar damina, da ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Su ma waɗannan ana rubuta su cikin takardar ciniki, kuma iyakar abin da injin yake ɗauka tana kan allonsa.

Akwai wata jijjiga da injin da zai zo Nijar ba ya tsere mata, ita ce ta hanya. Nijar ba ta da teku. Daga bakin ruwa sai babbar mota ta yi tafiyar kilomita dubu ko fiye. Don haka masu ƙera manyan taransifo sukan liƙa musu wani ɗan inji mai rubuta duk wani bugu da gargada da aka sha a hanya. Idan kaya ya iso, a karanta abin da ya rubuta kafin a sa hannu a karɓa.

Maganar ta shafi mutanen karkara. A 1976 aka ja layin bolt dubu 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. A 1994 aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. A ƙarshen kowane irin wannan layi akwai manyan taransifo. A bayansu akwai famfon ruwan sha, da injin ban ruwa na fadama, da injin niƙan da ya hutar da mata daka, da firjin da ake ajiye allurar rigakafin yara da ta dabbobi. Duk suna rataye ne a jikin injin da manomi bai taɓa shiga inda yake ba.

Darasin allon kuwa bai tsaya ga masu aikin wuta ba. Buhun takin zamani yana da lambobi a jikinsa, kamar 15-15-15, masu faɗin abin da yake ciki. Kwalbar maganin dabbobi tana da ranar da maganin zai daina aiki. Irin shuka mai kyau yana zuwa da takardar shaida. Duka dangin allon taransifo ne: alkawari ne a rubuce, wanda ake iya bi a bincika. Wanda ya je makarantar yaƙi da jahilci ya samu idon da zai karanta su. Sai ya karanta kafin ya biya, ya tambayi malamin gona ko malamin dabbobi abin da bai gane ba, ya kuma ƙi kayan da aka kankare rubutunsu.

Mutanen Kalifoniya da Japan sai da suka ga tashoshinsu a farfashe kafin suka kafa ƙa'ida. Wanda ya ji labarinsu ya samu darasin kyauta. Ba a fafe gora ranar tafiya.